Kunun Gayyar Dakta

Salamu alaikum jama'ata, masu yi min magana da masu leƙe su wuce sumumu, duk ina ganinku. Yau ku sa dariya a aljihu, labari na kawo muku. Wanda ya karanta rabi ya gudu, shi ya sani.

An yi wani mutum a wani ƙauye can bayan Dawakin Tofa. Ba zan faɗi sunansa ba, mu ce Dakta. Kai gare shi kamar me. Daga sakandare sai jami'a, daga jami'a sai ƙasar waje, shekara da shekaru yana abu ɗaya: binciken ƙwaƙwalwa.

Bari in warware muku aikin nasa da Hausar bakin kasuwa. Wai a cikin kan nan naka akwai wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, kowace da kwaɗonta. Magani kuma mukulli ne. Ka haɗiyi ƙwayar kashe ciwo, ta je ta buɗe tata ƙofar, ciwo ya kwanta, ka ji garau. To in ƙofar ta saba, kullum ƙari take nema. Shi Dakta abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai shi ne haɗa wani gari da zai toshe ramin kwaɗon, ƙwaya ta zo ta rasa ta inda za ta shiga, mai sha ya haƙura ya bari. Niyya mai kyau, ko? To ku biyo ni.

Ya dawo gida ya kama aiki a wata jami'a, ya faɗo daidai shekarun wuya. Shekarun da buhun taki ya gagari manomi, malamai suna yajin aiki wata da watanni, ɗakin bincike ba wuta, ɓerayen gwajin ma duk sun rame. A kan ɓera dai gari ya yi aiki. Saura mutum. Amma ba a ba ɗan Adam sabon magani haka kawai. Akwai kwamitin da ke dubawa, kuma wanda za a ba sai an yi masa bayani ya ce ya yarda. Kwamiti ya ce da saura, ya ƙara gwaji a kan dabba tukuna.

Dakta ya ce hassada ce. Daga nan ya shiga zargin kowa. Abokin aikinsa Abdussalam in ya ce masa ya aiki, sai ya ce leƙen asiri ya zo yi. Littafin bincikensa har masallaci a hammata yake shiga da shi. Ya sa wa ransa in bai yi sauri ba wani zai riga shi, wahalar shekara ashirin ta tashi a banza.

Kwatsam sai ga shi a ƙauye da damina, lokacin maimai. Mutumin da ko da salla sai ya ga dama yake leƙowa. Ya ce gayya zai kira a gonar gidansu, kunu da tuwo duk a wuyansa.

Ya 'yan uwa, in kura ta ce za ta raka ka kasuwar awaki, ai ka san ba don Allah ba ne. Mutanen gari ma sun ɗan yi turus. Mati, wanda ke jan ragamar majiya ƙarfin unguwar, ya ce shi dai bai gane ba, mutumin da bai san ta inda ake riƙe fartanya ba me ya haɗa shi da gayya? Kuma me ya sa yake ta zagaye yana tambayar su wane ne ke haɗiyar ƙwaya kafin su shiga gona? Amma a shekarar nan wa zai ji tuwon kyauta ya tsaya bincike? Mutum talatin suka amsa.

Ranar gayya ƙanwarsa Maijidda ta zo daga gidan mijinta ta dama kunu. Dakta ya ce a shigar masa da tukunyar ɗaki, kowa ya fita. Da ya fito ta ga farin gari a yatsunsa, ta ga yana cusa wata 'yar kwalba a aljihu.

Ta ce, "Yaya, me ka zuba a kunun nan?"

Ya ce, "Sinadarin ƙara ƙarfi ne. Ke da kika tsaya a aji shida, ko na yi miki bayani ina za ki gane?"

Ta koma kan aikinta. Hankalinta bai kwanta ba, amma yayanta ne, kuma Dakta ne. Shi kuwa ya wuce gona, ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa da littafi da agogo. Lissafinsa shi ne, wanda ba ya shan ƙwaya garin ba zai taɓa shi ba, wanda ke sha zai ɗan ji sauyi, shi kuma ya rubuta.

Abin da ya manta, ya daɗe rabonsa da gida. A gidansu ba a fita da abincin gayya sai an ɗebi na babbar gida ta sa albarka. Mahaifiyarsu, Inna Kulu, ta ce ina nata? Maijidda ta fara kwana-kwana, wai bari ta dama mata wani mai zafi. Tsohuwa ta ce gayyar ɗanta ce guda, a ce ta sha kunun daban kamar baƙuwa? Maijidda ta cika kofi ta miƙa mata.

A gona kuwa, ɓera da allura ake auna masa. Ƙaton da ya sha noma tun safe, wa zai auna masa kunu? Kowa ya ɗirka son ransa. Kafin azahar mutane suka fara zubewa a kan kunyoyin gonar. Gumi, amai, murɗar ciki, karkarwa kamar mazari. Mutum goma sha ɗaya. Jikin da ya saba da ƙwaya, ka rufe masa ƙofa bagatatan, ai haukacewa zai yi.

Kowa ya ruɗe, ban da mutum ɗaya. Mati ya waiga ya ga Dakta yana duba agogo yana rubutu. Ya je ya fizge littafin. Sunayensu ne a jere, kowa da layinsa, an rubuta tun kafin ranar.

Ya ce, "Dakta, ga sunan Muhammadu Sani nan tun bai faɗi ba. Duba ka koma yi?"

Bai kai ga amsawa ba sai ga Maijidda a guje ba mayafi, wai ya zo Inna ta faɗi, bakinta ya karkace. Ya ce ba zai yiwu ba, ai Inna ba ta shan komai.

Ta ce, "Shekara shida tana shan ƙwayar nan saboda gwiwa, ni nake sayo mata a kyamis. Ka taɓa tambaya?"

Mutumin da ya san ƙofofin kan ɓera ɗaya bayan ɗaya, bai san abin da mahaifiyarsa ke haɗiya da safe ba.

Mazan sun miƙe bayan kwana biyu, uku. Tsohuwa mai hawan jini ba ta miƙe ba, ɓarin jikinta ya shanye. Littafi ya tafi hannun dagaci, daga nan ya isa jami'a, aka sallami Dakta. Abdussalam ɗin da yake zargi shi ne ya yi ta cewa garin maganin nan da alamar alheri a cikinsa, da an bi a hankali. Yanzu ba mai son ko jin zancensa. Ma'aikatan lafiya na gaskiya da suka zo ƙauyen daga baya, ba ƙaramar wuya suka sha ba kafin a sake buɗe musu ƙofa.

Dakta yana nan a gidan, shi ke ba ta abinci a baki. Ɗan fari ne, kun san iyayenmu da alkunya, tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Yanzu da kanta ya taɓu, wuni take tana kiran sunan gatsal a gaban kowa. In ya ce ga shi, sai ta dube shi ta ce, "Bawan Allah, in ka gan shi ka ce ina nemansa."

Ya 'yan uwa, ilimi amana ne, jikin ɗan uwanka ma amana ne. Kyawun niyya ba ya halatta ka ci amanar wanda ya miƙo hannu ya karɓi abincinka. Mugun zato ya raba shi da masu gaya masa gaskiya, gaggawa ta ƙarasa shi. Allah ya tsare mu da ilimin da ba tsoronsa a ciki, ya kiyaye mu da cin amana, ya ba iyayenmu lafiya.

To ni ba Dakta zan tambaye ku ba, nasa a fili yake. Ku ne Maijidda: kun ga farin gari, ba ku da hujja, yayanku ya ce ba za ku gane ba, ga Inna ta miƙo hannu. Tsakani da Allah, me za ku yi da kofin nan?