Geron da Makama Ya Shuka

An yi wani sarki mai suna Ukashatu, mai zafin hukunci, wanda ya naɗa Makama Jatau ya riƙe masa garin iyaka inda rumbunan masarauta suke. A shekarar da yunwa ta tsananta sai talakawa suka yi bore, wanda ya ja su kuwa shi ne Gambo, ɗan kawun Makama, wanda suka tashi a gida ɗaya.

Manzon sarki ya zo da umarni a ƙone rumbunan kaf kafin 'yan bore su iso. Bai gama shan ruwa ba sai manzon Gambo ya yi sallama, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan'uwanka ya ce ka buɗe mana rumbu, in ka ƙi zumunci ya yanke."

Wayyo Makama! Ya zauna ya tashi, ya shiga soro ya fito, abinci ya ƙi ciyuwa. In ya ƙone, ya kashe talakawa da hannunsa, in ya buɗe, ya ci amanar wanda ya naɗa masa rawani. Yana wannan safa da marwa sai ruwan shuka ya sauka. Nan take ya tara manoma, ya sa aka kwashe geron aka shuka shi duka, har gonakin da aka daɗe da bari.

Da labari ya kai wa sarki, dogarai suka kai Makama fada a ɗaure. Sarki ya dubi Alƙali Isyaku ya ce, "Allah gafarta Malam, ga mas'ala. Na ce a ƙone, bai ƙone ba. Maƙiyina ya ce a ba shi, bai ba shi ba. Amintacce ne ko maci amana? In maci amana ne, yau hauni zai sare shi."

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, shaidun wannan shari'a suna ƙarƙashin ƙasa, ba su fito ba tukuna. A yi musu uzuri zuwa kaka."

Aka kulle Makama a kurkuku. Kai, damina ba ta taɓa yi wa mutum tsawo irin wannan ba! In ruwa ya ɗauke, gaban Makama ya faɗi. In ya ji taku a bakin kurkuku, ya shafa wuyansa.

'Yan bore kuwa manoma ne da yunwa ta fusata. Da suka tarar rumbu wayam, ga shuka ta yi kore shar tana neman noma, sai suka riƙa jingine makamai suna ɗaukar fartanya, har aka wayi gari Gambo ba shi da runduna. Aka kama shi, hauni ya gama da shi.

Da kaka gero ya yi albarka, yunwa ta kau, sai alƙali ya yanke wa Makama hukunci: "Ya saɓa umarni, a tuɓe masa rawani. Ya tsare ƙasa, a bar masa kansa."

Sarki ya yafa wa alƙali alkyabbarsa, ya ce wa Jatau ya roƙi abin da yake so. Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, hawaye na zuba, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a nuna mini inda aka binne Gambo. Shukata ce ta kashe shi."

Ku sani, ya ku masu hankali, adalci yakan kuɓutar da rai, amma ba ya ɗauke wa mutum nauyin abin da ya zaɓa.