Takwarar 'Yar Atine

Ku gyara zama, yau labarin da na zo da shi sai kun yi masa alƙalanci.

Sallau ɗan tasha ne, aikinsa rarraba kaya: wannan buhu motar Gusau, wancan kwando ta Funtuwa. Matarsa Atine zabiya ce, fatarta fara fat ba ta jure rana, kuma Allah ya jarrabe shi da sonta, har 'yan tasha suka laƙaba masa Mai Laima, don ko kasuwa za ta yana biye yana tare mata rana. Abu ɗaya ke hana shi sakat: ko ƙaya ce ta soke ta, jinin sai ya ga dama yake tsayawa, haɓo kuwa ba a magana. Da ta sami cikin fari, murna da fargaba suka haɗe masa wuri guda.

Atine na da 'yan'uwa mata uku. Autarsu Kubura tana jami'a, tana binciken ƙananan ƙwayoyin da aka gina jikin ɗan Adam da su. Ita ce ta ƙi yarda cewa haɓon nan zafin rana ne kawai. Ta ja yayarta asibiti, ta yi ta zarya har aka aika da jinin gwaji mai nisa. Da sakamako ya fito ta zaunar da Sallau.

Ta ce, "Yaya Sallau, kowace ƙwaya a jikin mutum 'yar tasha ce. A cikinta akwai wani sinadari da ake kira furotin, mai irin aikinka: ya tantance kaya, ya ƙulle a jaka, ya tura inda ya dace. Na Yaya Atine ne ya sami tangarɗa. Shi ya sa launi bai isa fatarta ba, kuma ƙwayoyin da ke toshe rauni suna fitowa ba a loda musu kayan aiki ba. Ba kowane zabiya ke da wannan ba, nata daban ne."

Ya ce, "Wato ɗan kamashon nata barci yake yi a bakin aiki?"

"Barci mai nauyi ma. Don haka a babban asibiti za ta haihu, kada ka yarda da wani zance."

To, amma haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta, tsofaffi kuma suka kafe sai ta je goyon ciki. Aka daidaita a kan ta tafi ƙauye, in watanta ya kama a dawo da ita birni. Naƙuda kuwa ba ta san da wannan shawara ba, ta zo tun kafin lokaci. Atine, da kunyar 'yar fari, ta cije leɓe ta ci gaba da shara, ba ta gaya wa kowa ba, sai kukan jaririya aka ji a ɗaki. Jini ya ɓalle.

Babbar yayarsu Ladidi ungozoma ce, mace mai kaifin baki da ko mai unguwa ke shakka. Tsofaffi na cewa a ɗora ruwan wanka, ai kowace mai jego tana zubar da jini, ita kuwa ta leƙa sau ɗaya ta ce wannan ba irinsa ba ne. Ta kira Sallau a waya, ta sa aka ɗora Atine a amalanke zuwa bakin titi. Da ya iso a motar albasa da ya roƙa a tasha, ya tarar da Ladidi durƙushe, ta danne marar ƙanwarta da hannu biyu tana murzawa. Haka ta riƙe har birni, duk rami duk gargada, ba ta saki ba. Sallau na kuka kamar yaro, tana ce masa, "Ka yi mana shiru, ka riƙe mata laimar tunda ita ka iya." Da aka isa, sai da aka ɓamɓare yatsunta, sun ƙage.

A asibiti aka gwada, aka ga ƙwayoyin toshe raunin nan adadinsu cif. Kubura ta iso a guje, ta bayyana wa likita cewa yawansu ba ya nufin komai, fanko ne. Likita ya saurare ta, ya ce lallai sai an ƙara wa Atine masu lafiya, ga shi kuma ran nan babu a ajiye. Aka gwada Sallau, bai dace ba. Aka gwada na kusa duka, mutum ɗaya ce ta dace, Sahura.

Sahura ita ce ta tsakiya, mai sayar da atamfa, matsoraciya ta gidan gaba. Ko kaza ake yankawa sai ta bar gidan, allura kuwa rabonta da ita tun tana goye. Sallau ya dube ta, zuciyarsa ta karye, don ya san halinta. Ita kuwa sai ta miƙa hannu, ta ce a rufe mata fuska da mayafi. Na'ura ta yi ta jan jininta tana tace abin da ake so, Sahura na karanto duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa. Ba ta suma ba sai da aka ce an gama. Kafin la'asar jinin Atine ya tsaya, ta buɗe ido ta tambayi 'yarta.

Ana gobe suna, rago na ɗaure a tsakar gida, Atine ta kira mijinta. Ta ce, "Malam, yarinyar nan sunan ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan nawa uku za ta ci. Ni na kasa zaɓa, kai ka zaɓa."

Sallau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ladidi ta ce a ba Kubura, ilminta ne ya yi rana. Kubura ta ce a ba Sahura, da jininta aka yi. Sahura ta ce in ba don hannun Yaya Ladidi ba, gawa za a ƙara wa. Sai dai ya lura kowacce ta riga ta ɗinko kayan takwara ta ɓoye a jaka, kuma kowacce in ta ɗauki jaririyar sai ta raɗa mata wani abu a kunne. Mutumin da bai taɓa ɗora kaya a motar da ba tasu ba, yau ga shi da 'ya ɗaya, suna uku, liman kuma na jiransa da safe.

To, jama'a, ga wadda ta gano ciwon, ga wadda ta riƙe rai a hanya, ga wadda ta ba da abin da ta fi tsoron bayarwa. Sunan wa Sallau zai gaya wa liman?