Golan da Aka Fi Gani a Talabijin

Da gidan talabijin ya fara biyan kuɗin nuna ƙwallon kwalejoji, sai Alhaji Nadabo, shugaban gasar kuma mai Kwalejin Birni, ya tara masu horarwa. Ya dubi Tsalha, kocin Tudun Kaba, waɗanda ba su taɓa cin wasa ba, ya ce, "Daga yau wanda aka fi gani a talabijin shi ke da babban kaso. Kai kuwa, in ba ka nuna mini an fi ganin yaranka a kan nawa ba, ku koma gasar ƙauye."

Tsalha ya ce, "Ranka ya daɗe, mai ɗaukar hoton nan me yake bi?"

"Ƙwallo mana!"

"In muka haɗu da yaranka, ina ƙwallon yake wuni?"

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta goce. "A bakin ragarku! Ko tsakiyar fili ba ya ƙetarawa!"

"Golanka fa?"

"Rake yake sha a zaune! Matarsa ma ba ta taɓa ganinsa a talabijin ba."

"To namu, duk cin da aka yi masa sai an yi ta maimaita faɗuwarsa. Kuma kowa cinmu yake yi. Wa aka fi gani ke nan?"

Ɗaki ya kaure da shewa. Alhaji ya share gumi ya ce, "Ai... ai wani lokaci kukan kawo hari."

Tsalha ya dafe ƙirji. "Mu? Hari? Haba Alhaji, kada ka yi mana ƙazafi a gaban mutane!"