Majigin da Ya Raba Lawwali da Taubashinsa

Akwai wani tela a Illela mai suna Lawwali, a shekarun da aka karɓi mulkin kai. Yana da taubashi, ɗan kawunsa, Maccido mai tsire. Kun dai san wasan taubasai, ba a fushi, ba a kai ƙara, wanda aka tsokana ya rama. In su biyun nan suka haɗu a kasuwa, har ciniki tsayawa yake saboda dariya.

Da rijiyar Gidan Katta ta rufta, mata suka shiga wahalar ruwa, sai taubasan biyu suka ce bari bakin nan nasu ya yi rana. Ranar kasuwa su tsaya su yi ta tsiya da juna, ƙwarya tana zagayawa, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa.

Ana haka wasu masu ɗaukar majigi suka zo daga Kaduna, suka ce za su ɗauki wasan a nuna gari-gari, taimako ya ƙaru. Aka sa wa Lawwali farar riga, shi ne mai tsabta. Maccido kuma aka ce ya bar ƙudaje su rufe namansa. Ya yarda, don ya san duk baƙar da Lawwali zai faɗa, yana da wadda ta fi ta. Ya kuwa rama, har mai ɗaukar hoton sai da ya yi hawaye don dariya.

Lawwali kaɗai aka kira Kaduna ya ga aikin kafin a fitar. Nan ya ga an yanke duk ramuwar Maccido, an bar shi tsaye baki sake, ana yi masa tsiya yana kallo. Abin ya sosa masa rai, amma an yi masa alkawarin yawo a mota da gaisawa da manya. Ya haɗiye maganar.

Ranar da aka nuna majigin a Illela, Maccido ya ja shi gefe.

"Ka san haka sunka yi?"

"Na sani. Wasa na fa, taubashi, mi ad damuwa ciki?"

Gudummawa ta zubo, aka gina rijiya, sunan Lawwali ya cika gari. Maccido kuwa yara suka riƙa binsa suna kiran "Mai Ƙuda". Mutanen da suka daɗe suna cin tsirensa suka koma wuce tukubarsa suna kau da kai. Bai yi wa kowa ƙorafi ba, ya kwashi iyalinsa ya haye iyaka, ya bar ƙasar.

Lawwali ya sha tafi har ya gundure shi. Ko'ina so ake ya ba da dariya, amma babu mai mayar masa da magana, wasan ya zama miya ba gishiri. Da kewa ta ishe shi, ya bi tambaya har Madawa, garin da Maccido ya koma.

Ya hango Maccido a bakin tukuba, ya rame. Lawwali ya ɗaga murya irin ta da.

"Kai ƙazami, ashe kana raye?"

Maccido ya miƙe, ya shimfiɗa masa tabarma, ya russuna.

"Sannu da zuwa, ranka shi daɗe. Ya hanya?"

"Maccido, ni na fa, Lawwali. Don Allah zage ni. Hwaɗa min duk abin da kag ga dama."

"Subhanallahi, ni in zagi babban mutum? Ai na yahe maka tuni. Bari in kawo ma ruwa."

Ya kawo ruwa, ya zaɓo masa nama mai kyau, ya raka shi tasha yana masa addu'a kamar yadda ake yi wa baƙo. Lawwali ya yi ta kuka a cikin mota har Konni, garin bakin iyaka. Sun sake haɗuwa a bukukuwan dangi, amma har suka tsufa Maccido bai ƙara tsokanarsa ba.

Darasi: Kada ka sayi suna da mutuncin wanda ya amince da kai. Yana iya yafe maka, amma sakin jikin da ya yi da kai ba lallai ya dawo ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, ko wani zai gyara tun da sauran lokaci.