Laimar da Aka Naɗe da Danshinta

An yi wani mutum a nan Kuala Lumpur, ya 'yan uwa. Ba zan kama sunansa ba, don bai kai a ɓata yawu a kansa ba. Ɗan arewa ne kamar mu, karatun injiniya ya kawo shi, yana zaune a benayen unguwar Pantai Dalam. Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa, wannan kam ba a ja. Sai ya ɗauka shi ya ba kansa.

Ya samu shiga wani ƙaramin kamfani mai harba roka. Ba irin manyan nan masu ɗaukar mutane ba. Tasu na'urorin bincike take ɗauka a cikin kanta, ta kai su bakin sararin samaniya, sannan kan ya rabu da jiki, laima ta buɗe, ya sauko a hankali cikin teku. A tsamo shi, a gyara, a sake harbawa.

To, laimar nan tana da ƙa'ida. In ta sha ruwan teku, sai an wanke gishirin da ruwan daɗi, an shanya ta a inuwa ta bushe ƙayau, kafin a naɗe. Kuma ba a naɗi mutum ɗaya: wani na naɗewa, wani na tsaye yana kallo. Kun dai san iskar garin nan. Riga ma in ka ajiye ta da danshi, funfuna za ka tarar.

Gogan namu ya raina wannan aiki. Wai shi da yake lissafin tafiyar roka, shi za a sa wanki da shanya? Yana yi ne kawai don akwai ido a kansa, idon abokin aikinsa Abdulwahidu.

Sai korona ta zo, aka kulle gari. Kamfani ya ce mutum ɗaya tak zai riƙa shiga wurin gyara. Abdulwahidu kuwa cutar ta kama shi, aka killace shi. Aka bar gogan shi kaɗai da laima jiƙaƙƙiya, wadda aka tsamo daga tashin ƙarshe.

Me kuke zaton ya yi? Ya tattara ta da gishirinta da danshinta, ya cusa a mazubinta, ya rufe. Sauran yinin ya ƙarar da shi jingine da roka, yana ɗaukar bidiyo yana tura wa 'yan garinsu. Har suka fara kiransa ɗan sama jannati, yana amsawa. Mutumin da iyakar samansa inda lifta ta tsaya!

Abdulwahidu ya kira shi daga gadon asibiti, numfashi na sarƙe masa. Ya ce, "Malam, ka wanke ta kuwa? Ta bushe? Aikin Hafsatu ne zai hau fa."

Hafsatu wata baiwar Allah ce mai neman digirin digirgir. Ta baro 'ya'yanta a Azare wurin kakarsu, ta yi shekaru tana haɗa na'ura guda ɗaya, babu ta biyu. Wa'adin karatunta ya zo ƙarshe. In na'urar ta je ta dawo, ta gama. In ba ta dawo ba, shekarun sun tafi a banza. Duk gogan ya san wannan.

Ya amsa masa da yaren garin, ya ce, "Boleh lah, ba matsala. Wallahi ta bushe ƙayau. Kai dai ka ji da tarinka."

Kun ji fa. Sunan Allah ya ɗauko ya rufe tsumman ƙazanta da shi.

Kulle ya yi ta tsawo, laima na ƙunshe wata da watanni. Da aka sassauta, aka kai roka bakin teku. Ba a yarda da taro ba, sai aka haska harbin kai tsaye a waya. Shi da hannunsa ya aika gida cewa kowa ya kalla. Mahaifinsa, dattijon kirki, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya tara maƙwabta.

Roka ta tashi lafiya. Kai ya rabu. Laima ta fito a dunƙule kamar ƙullin wanki, ta ƙi buɗewa. Haka kan ya sulmiyo ya doki ruwa ya tarwatse, kowa na gani.

Da aka tsamo ɓaraguzan ba a sha wahalar bincike ba, hanci ma ya ba da labari. Laima ta yi baƙi ƙirin da funfuna, gishiri ya manne ta. Maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya buɗe baki wai Abdulwahidu ne bai duba ba. Mutumin da a lokacin yake kwance da robar iska a hanci! Tir da wannan hali.

Kamfani ya kore shi, makaranta ta sallame shi. Hafsatu ba ta zage shi ba. Ta dube shi ta saman takunkuminta ta ce, "Da ka ce ka gaji, ai da ni na zo na wanke." Ta koma Azare hannu rabbana. Ni wallahi ita nake tausayi, ba shi ba.

Shi kuwa kunya ta hana shi komawa gida. Na gan shi da idona a wani shagon yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, yana naɗe yadin da masu saye suka warware. Sana'ar ba abin kunya ba ce. Abin kunyar shi ne mai shagon ya ji labarinsa: duk yadin da ya naɗe, sai mai shagon ya bi bayansa ya buɗe ya duba.

Ya 'yan uwa, amana ba ta da ƙarami. Aikin da ka raina, wataƙila rayuwar wani ce rataye a jikinsa. Abin da ka cusa ka rufe don ba mai kallo, akwai ranar buɗe shi, kuma ba kai za ka zaɓi 'yan kallo ba. Wannan a duniya ke nan, ina ga ranar da za a buɗe komai?

Allah ya raba mu da ha'inci da rantsuwar ƙarya. Allah ya musanya wa Hafsatu da mafi alheri. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.