Sawun da Ke Cikin Toka

Akwai wani mutum mai ɗan lambu a bayan gidansa, inda yake shuka alayyafo da tumatir da kuɓewa domin miyar iyalinsa. Darni kaɗai ya raba shi da lambun maƙwabcinsa, amininsa tun ƙuruciya, wanda suke zama benci ɗaya a majami'a.

Mutumin nan yakan barbaɗa tokar murhu a kan shuka don korar ƙwari, yadda ya ga iyaye suna yi, sai dai shi hannunsa da nauyi. Ana nan, wata shekara ganye ya soma rawaya, tumatir ya ƙi girma, ƙasa ta yi fari-fari kamar an zuba mata kanwa. Ya leƙa ta darni, ga lambun maƙwabci kore shar. Sai zuciyarsa ta raya masa, "Ruwa ba ya tsami banza. Wani ne ke shigowa yana zuba mini mugun abu."

Daga ranar komai ya zama shaida. In maƙwabci ya ce masa sannu da aiki, ba'a ce. In ya yi shiru, rashin gaskiya ne ya rufe masa baki. Ran Lahadi mutumin ya koma wani benci.

Sai ya yi dabara, a ganinsa mai kyau. Ya shimfiɗe lambun duka da toka, don duk wanda ya shiga sawunsa ya tona masa asiri. Kowace safiya ya duba, ya ƙara sabuwa.

Wata rana maƙwabci ya leƙo ya ce, "Ɗan'uwa, rage tokar nan. Ta yi wa ƙasarka yawa, saiwa ta kasa jan abinci."

Mutumin ya ce a ransa, "Ahaf! Tsoron sawunsa yake ji." Ya tafi har wurin masu tuyar ƙosai ya roƙo ƙarin toka. Alayyafon da ya rage ya kwanta.

Da matarsa ta gaji da miyar kuka, sai ta tsaya a bakin lambu ta ce, "Maigida, kullum kana duba toka. Sawun wa ka gani?"

Ya sunkuya ya bi kunyoyin lambun ɗaya bayan ɗaya. Sawun takalmi ɗaya ne, mai faci a dunduniya. Ya dubi ƙafarsa. Kunya ta rufe shi, har ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Ya je ya roƙi gafara. Maƙwabci bai ja magana ba, ya ɗauko kwandon ruɓaɓɓen taki da ganye. Suka kwashe tokar, suka cuɗa takin da ƙasa, suka ba ta ruwa sosai. Amma ƙasar ba ta warke ba sai da damina ta wanke ta. Shekarar nan duk, iyalinsa daga lambun maƙwabcin da ya zarga suka ci miya.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: lambun nan zamanmu ne da juna, a gida da cikin ikkilisiya. Tokar kuwa zato ce. Kaɗan daga cikinta ana kiranta hattara, tana korar ƙwari. In ta yi yawa, ita ke kashe shuka, har shawarar mai ƙaunarka ta zama maka shaidar laifinsa. Takin shi ne tuba da haƙuri, aikinsa a hankali yake, amma Ubangiji yana sa masa albarka.

Wataƙila akwai wanda ka daina zama kusa da shi. Kafin ka ƙara toka gobe, sunkuya ka duba dunduniyar takalminka.