Barkonon Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Bushiya dai ta gaji. Duk shekara sai ta shuka masara, Biri ya zo ya cinye tun tana ɗanya. Sai ta rantse bana barkono za ta yi, ta ga wanda zai taɓa mata.

Kurege, maƙwabcinta, ya ce, "Yaya, yaranki fa, barkono za su ci?"

Ta ce, "In ya nuna in shanya, in kai kasuwa a ba ni gero."

Ta yi renon iri, ta yi dashe da yamma, ta dinga ban ruwa har bayanta ya ƙage. Biri ya zo ya gatsa guda, ya zura da gudu yana ihu. Ranar Bushiya ta yi dariya har da faɗuwa.

Barkono ya nuna jawur. Ta tsinke, ta baza a kan dutse, ta tafi neman buhu. Tana dawowa ta tarar da hankaki baƙi ƙirin a kan shanya.

Ta ce, "Wayyo! Bai ƙona muku baki ba?"

Babbansu ya goge baki ya ce, "Iya, ai mu tsuntsaye ba ma jin yaji."

Ɗan abin da ya rage ta tattara ta dafa, don ba komai a rumbu. Yara na lasa suna kuka, ita kuwa ta kasa gane ko na yaji ne ko na yunwa.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan kusu.